Hanyar Dutse Zuwa Lambun Iya

A ƙasarmu babu dutse. Wanda bai san Haɗeja ba zai ce zuzutawa nake yi, amma ka tashi daga bakin kogi ka nausa gabas har Guri, in ka tsinci dutsen da za ka jefi kare da shi, to wani ne ya zo da abinsa daga wata ƙasa. Mu yashi gare mu da laka da ruwa, sai kacala, doguwar ciyawar nan da ta toshe mana hanyoyin ruwa. Muna yara da ɓawon busasshiyar laka muke jifa, kafin ya kai inda aka nufa ya zama gari. Na fara da wannan ne don a san abin da na aikata yana da dalili, ko da yake dalilin bai taɓa rage min komai ba.

Ni malamin makaranta ne a cikin garin Haɗeja, a nan nake zaune da iyalina. Mahaifiyata, wadda muke kira Iya, tana ƙauyenmu can gefen hanyar Kirikasamma, a gidan da Baba ya rasu ya bar ta. Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yanta: ni na fari, sai ƙanwata auta, wadda take aure a ƙauyen, take leƙo ta kullum da hantsi.

Tun da na yi wayo Iya ba ta taɓa kiran sunana ba. Irin matan da ce masu riƙe kunyar ɗan fari kam-kam. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin Kaka, a tsakar gida ɗaya, na tashi ina ganin uwata kamar maƙwabciya mai kirki. In na durƙusa gaishe ta, bango take kallo ta amsa. In tana da magana da ni, ko ina zaune a gabanta, sai ta juya wurin ƙanwata ta ce mata, "Ki ce wa wancan kaza." Abokaina dariya suke yi in na ba su labari, ni ma in taya su, amma a ciki abin yana cina. Ga ni da saurin fushi, ga son a ce min e ko a'a a wuce wurin. Har na yi furfura ban taɓa zama da uwata mun yi hirar da ta kai shan fura ba, na kuma saba da hakan har na daina tambayarta komai. In na ga abin da ya dace sai in yi kawai, in ya so in ji sakamako a bakin auta.

A ƙuryar gidan akwai lambunta. Ba wani babba ba ne, tabarma shida za su rufe shi, amma babu ce kawai babu a ciki: zogale a jikin danga, yakuwa, rama, kuɓewa, barkono, lalle, har da ɗoɗɗoya don sauro. A tsakiya akwai lemun tsami guda, wanda Baba ya dasa shekarar da aka haifi auta. Tun da Baba ya rasu can take wuni. Da gari ya waye sai ta ɗauki sanda da ƙwarya ta nufi lambu, tana cire ciyawa tana yi wa shuke-shuken faɗa kamar jikoki. In an yi ruwa, abu na farko da take yi shi ne ta sa 'yar fartanya ta buɗe wa lemun hanya, don ba ya son ruwa ya kwanta a gindinsa.

Daga ƙofar ɗakinta zuwa lambun sai an bi wani siririn lungu tsakanin bangon madafa da dangar awaki. Tsakiyar lungun ɗan tudu ne da ƙafarta ta daddaɓe shekara da shekaru, gefe da gefe kuwa kwari ne inda ruwan indararo yake bi. Da rani babu matsala. Amma da damina, in kogi ya cika ya rasa hanya, ruwa a wurinmu ba daga sama kaɗai yake zuwa ba, ta ƙasa yake tsattsafowa, tsakar gida ta koma sabulu. Iya takan tuɓe takalmi ta bi tudun nan a hankali tana kafa yatsu. Daminar da ta gabaci wadda zan ba da labari, sau biyu tana zamewa. A na biyun sai da ta yi kwana uku ba ta iya ɗaga hannu ba.

Da rani ya shigo na je na same ta, auta tana zaune tana tsince mata zogale.

"Iya, bana dai haƙuri za ki yi ki dawo Haɗeja," na ce. "Na gyara ɗaki, ga famfo, ga siminti har bakin ƙofa."

Ta kalli danga, ta ce wa auta, "Ki tambaye shi, shi ma lemun ya gyara masa ɗakin?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Lemun ne zai ɗaga ki in kin faɗi?"

Ta tashi ta shige ɗaki. Auta ta raka ni zaure tana min magana ƙasa-ƙasa. "Yaya, wallahi in ka fitar da ita daga gidan nan ka kashe ta da ranta. Mene ne nata a Haɗeja? Ta zauna ta yi ta kallon bango?" Muka yi ta ja, har muka tsaya a kan magana ɗaya: zan gyara lungun ya daina santsi, ta ci gaba da zamanta. In kuwa aka ga hanyar ba ta yi ba, ko ta sake faɗuwa, to ta tattaro kayanta, babu gardama. Auta ta shiga ta gaya mata, ta fito ta ce, "Ta ce to."

Na yi kwanaki ina saƙawa ina kwancewa. Bulon siminti a wurinmu damina ɗaya yake yi ya fara zubar da gari. Buhunan yashi, irin waɗanda muke jerawa a jinga in kogi ya taso, rana ce take yayyaga su. Katako kuwa ko gara ta ci ko ruwa ya ɗauke. Dutse ne maganin abin, amma motar da za ta ɗauko shi daga ƙasar duwatsu ba za ta yarda ta shigo hanyar ƙauyenmu ba. Ran nan ina wucewa ta bayan gidan bulama sai na ga an ɗaure akuya a jikin wani baƙin abu mai faɗi, rabinsa a cikin ƙasa. Na tsaya na duba, ashe dutsen niƙa ne.

Nan take na ji kamar an kunna min fitila a ka. Ai kowane tsohon gida a ƙauyen yana da irinsa. Da can da shi ake kai amarya, daga nesa ake sayo shi, shi kaɗai ne dutsen da ke cikin gida. Tun da injin niƙa ya zo aka watsar da su, wani a bayan rumbu, wani an tokare ƙofa da shi. Na ce a raina, ga dutse a ƙarƙashin hancinmu muna neman na wata ƙasa. Har yaba wa kaina na yi, na ce karatu dai bai faɗi ƙasa banza ba.

Na sami mai amalanke muka shiga gida-gida. Matan suna dariya suna nuna min inda nasu yake. Wata ta ce, "Malam, mai inji za ka kashe wa kasuwa?" Na ce ƙwarai kuwa. Sai da muka je gidan wata tsohuwa, ƙawar Iya ce tun suna amare, muna ce mata Gwaggo. Ta kai ni har inda nata yake jingine, a share tsaf, har mun kama za mu ɗaga ta ce, "Wai me za ka yi da shi ne, ɗan nan?"

"Hanya zan shimfiɗa wa Iya, ta riƙa takawa zuwa lambu."

"Takawa? Da ƙafa?"

"To da me ake takawa, Gwaggo?"

Ta dafa dutsen da tafin hannunta. "Nawa dai bar min kayana. Ita uwar taka ta sani?"

"Za ta gani," na ce.

Na fita ina tsaki a zuci, ina cewa tsofaffi da camfi sai Allah. Abin da na koya daga wannan magana shi ne kar in ƙara gaya wa kowa abin da zan yi da duwatsun, don kar a ɓata min lokaci. Haka kuwa na yi, har na tara goma sha shida.

In an zo maganar aikin kansa, har gobe ba na jin akwai wanda zai kushe shi. Na san takun tsohuwa ba irin nawa ba ne, saboda haka na barbaɗa yashi a lungun, na jira ta wuce lambu ta dawo, na auna tsakanin sawunta da karan dawa. Taku goma sha bakwai ne cif. Ina da sha shida, saura ɗaya. Ina dube-dube a bayan madafa, ƙarƙashin wasu fasassun tukwane, sai ga wani babba, baƙi wuluk, cikinsa ya yi kwarmi mai zurfi saboda niƙa. Na gane shi. Na Iya ne, wanda aka zo da shi a kwale-kwale daga wajen Guri ranar da aka kawo ta. Ƙararsa ce take tashina daga barci ina yaro. Ya fi shekara ashirin ba a taɓa shi ba. Na ɗan tsaya, sai na ce wa zan tambaya, bango? Na mirgino shi.

Kife su na yi, don cikin dutsen niƙa sulɓi gare shi kuma zai tara ruwa, bayansa ne mai kaushi. Kowanne sai na haƙa masa rami daidai jikinsa a kan tudun, na zuba yashi, na zaunar da shi, na daddanne gefensa da guntun itace har ya daina motsi. Asabar da Lahadi uku na yi ina wannan aiki cikin zafin bazara, hannun da ya saba da alli ya yi bororo ya fashe. Na Iya da yake ya fi faɗi, shi na sa a farko, daidai bakin ƙofarta, don ta ji daɗin saukowa. Duk kwanakin nan tana ganina. Takan fito ta tsaya a ƙofa jim kaɗan, ta koma ciki. Da azahar in ga auta ta ajiye min fura a inuwa ta ce, "In ji Iya."

Ranar da na gama na sa auta ta kirawo ta. Da takalmina a ƙafa na hau na farkon, na bubbuga shi da diddige, na bi su ɗaya bayan ɗaya har lambu na dawo, ina cewa, "Ga shi nan, ko sa ne ya hau ba zai motsa ba. Bana sai dai ruwa ya gaji ya bari." Na ga ta ja mayafi ta kau da kai. Na ɗauka kunyar da ta saba ce. Can ta ce wa auta, "Ki ce masa sannu da aiki. Allah ya yi albarka."

Ban taɓa jin ta sa min albarka ƙarara haka ba. Na hau babur na kamo hanyar Haɗeja kaina kamar ya taɓa sama, na ba kowa labari a makaranta, har wani abokin aikina ya ce shi ma zai yi wa tsohuwarsa.

Ruwa ya sauka, kuma ya sauka da ƙarfi. Kullum da yamma nakan bugo wa auta waya in ce, "Tana zuwa lambu?" Ta ce, "Tana zuwa, Yaya." In ce madalla. Sau ɗaya na samu na je kafin hanya ta yanke. Na tarar da tsakar gida ta jagwalgwale, amma duwatsun nan fes, ko ɗigon laka babu a kansu, kamar an wanke su. Ashe wanke su ake yi. Na kuma ga sawun ƙafa a cikin kwarin gefe, jikin dangar awaki, ya nutse har idon sawu. Na ce wannan auta ce da gaggawarta, ba ta iya bin hanya. Na tsaya ina kallon duwatsun ina jin daɗi, ban tambayi kaina yadda ƙafar da ta fito daga laka za ta bi ta kan dutse ta bar shi fes ba.

Ina cikin aji da safe wayar ta shigo. Auta ce. An kwana ana ruwa, Iya ta fita da sassafe za ta buɗe wa lemu hanya, ta faɗi a lungu. Tana nan kwance cikin laka har hantsi, sai da auta ta zo ta same ta. Ba ta yi ihu ba, wai kar ta tara wa kanta jama'a.

Hanya ta riga ta yanke, sai a kwale-kwale aka fito da ita, a kwance a kan ƙyauren ɗakinta da aka ciro. Ina tsaye a bakin ruwa da mota ina hango su suna ratso kacala. Da aka iso na sa hannu zan kama, na ga yadda ƙafarta ta hagu ta juya waje. Fuskarta duk gumi, leɓenta ya fashe don cizo. Amma da ta ga ni ne, sai da ta lalubo gefen mayafinta mai laka ta rufe fuska.

A asibiti hoto ya nuna ƙashin ƙugu ne ya karye, can sama inda yake haɗuwa da cinya. Likita ya yi min bayani a tsanake, ya ce za su yi iyakar ƙoƙarinsu, amma a shekarunta kar in sa rai da yawa. Na fito waje na sami auta a gindin wata bishiyar dogon yaro, na sauke mata abin da ke cikina.

"Wace irin zamewa ce a kan dutsen da na kafa da hannuna? Ɗaya bayan ɗaya na gwada su!"

"Yaya, ba a kan dutse ta zame ba."

"To a ina?"

"A kwarin gefe. Ta zame ne ƙugunta ya bugi bakin dutse. Iya ba ta taɓa taka duwatsun nan ba, ko sau ɗaya."

Na tsaya ina kallonta kamar da wani yare ta yi magana.

"Tun ranar da ka gama take tsallake na bakin ƙofa, ta raɓa ta jikin danga," in ji ta. "Tudun da ta saba bi ka rufe shi da duwatsu. Ina ya rage mata in ba kwarin ba?"

"Don me?" Na ɗaga murya har masu jinya suka waiwayo.

"Ta ce ƙafarta ba za ta hau abin da aka niƙa abinci a kansa ba. Na farkon na uwarta ne, ita ta ba ta. A kansa aka niƙa gasarar kunun da aka yaye ka da shi. Sauran ma duk ta san masu su, wasu ita ta yi musu wankan gawa. Kullum sai ta ɗebi ruwa a buta ta wanke su."

"Ke kuma kina gani kika yi min shiru? Kullum ina bugo miki waya!"

Auta ba ta taɓa ɗaga min murya ba sai ran nan. "Cewa kake tana zuwa lambu, na ce tana zuwa. Rantsar da ni ta yi. Ta ce mutum ya yi sati uku yana haƙa cikin rana, ba za a dube shi a ce aikinsa bai yi ba. Ta kuma ce in ka ji ba ta bin hanyar, cewa za ka yi ta tattaro kayanta. Ƙarya ta yi, Yaya?"

Ba ƙarya ta yi ba. Abin da zan ce ke nan, kuma da faɗa zan faɗe shi. Na zauna a kan saiwar bishiyar.

An yi na asibiti, daga baya aka kawo maɗori ya yi nasa. Ƙashin ya kama, amma bai kama yadda zai ɗauke ta ba. Aka kawo ta gidana, ɗakin nan da na gyara, mai famfo da siminti har bakin ƙofa. Abin da na nema tun farko na same shi. Ban san akwai samun da yake da ɗaci haka ba.

Na yi fushi da kowa a watannin nan. Na yi da auta, na yi da Gwaggo da ta tsaya a tambaya ba ta fito ta gaya min ba, na yi da kunyar ɗan fari da duk wanda ya ƙirƙiro ta, har ƙasar da Allah bai ba ta dutse ba sai da na ji haushinta. Na je na tambayi wani malami ko akwai laifi a taka dutsen niƙa, ya ce shi dai bai gani a littafi ba. Na yi masa godiya na tashi, amsar ba ta yi min amfanin komai ba. Duk inda na kai fushin sai ya dawo min, domin sati uku matar nan tana fitowa bakin ƙofa tana tsayawa, ni kuma ina sunkuye ina haƙa. Na auna takunta da kara don kar in kuskure ko da ɗan yatsa, amma ban ɗago kai na ce mata, Iya, kin yarda? ba. Ko ta bakin auta ne ai da ta amsa.

Matata tana ƙoƙari da ita, ba zan ci hakkinta ba. Ita take mata wanka, take juya ta, har yakuwa ta shuka mata a tsohon bokiti ta ajiye a inda za ta riƙa hangowa ta taga. Iya ta yi godiya, amma ban taɓa kama ta tana kallon bokitin ba. Ta rame, ta ƙanƙance, hannayen nan masu kanta sun yi laushi. Ba ta taɓa yi min ƙorafi ba, ko a fuska. Da za ta zage ni sau ɗaya, ina jin da na sami barci. In damina ce, tambaya ɗaya take yi wa duk wanda ya fara shiga ɗakin da safe: "An yi ruwa a gida?" Gida kuwa ba nan take nufi ba.

Sai da rani ya yi nisa na iya komawa ƙauyen. Auta tana da nata gidan da nata aikin shinkafar, ba za ta iya da lambu ba. Awaki sun karya danga sun cinye abin da za su ci. Lemun ya bushe ƙayau, ruwa ya kwanta masa wata guda babu mai buɗe masa hanya. Na kama reshe ɗaya ya ɓalle a hannuna. Duwatsun kuwa suna nan daram, babu wanda ya goce ko kaɗan, aikin ya yi kyau yadda na ce zai yi.

Na ɗauko fartanya na haƙo na bakin ƙofa. Da na juya shi, kwarmin ya cika da laka da tana. Na wanke shi a bakin rijiya, na ɗaure a bayan babur na taho da shi a hankali. Na shigar da shi ɗakin Iya na ajiye a gefen katifarta. Babu kowa a ɗakin sai ni da ita. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta miƙa hannu ta sa cikin kwarmin, ta tura gaba ta jawo baya, ta sake turawa, yadda ake yi in ana niƙa.

"Sauran fa?" ta ce.

Na waiga in ga da wa take. Da ni take. Idonta yana kan dutsen, amma da ni take, babu ɗan aike a tsakani, karo na farko a rayuwata.

"Suna can, Iya."

"A kife?"

"A kife."

"A juya su. Na mutane ne."

Na ce to. Na yunƙura zan tashi ta ce, "Lemun fa?"

Na ce, "Yana nan, Iya."

Asabar ta gaba na koma na haƙe sha shidan duka. Na so in mayar wa masu su, amma wasu gidajen dariya aka yi min, wasu kuma babu wanda ya tuna nasu ne. Na wanke su na jera a gindin bangon madafa, fuskarsu a sama. Na ciko ƙasa na cike ramukan, na yayyafa ruwa, na tuɓe takalmi na yi ta kai da komo a lungun ina daddaɓewa da ƙafa har la'asar. Tudun ya dawo kusan yadda yake da, taku goma sha bakwai daga ƙofa zuwa lambu. Ban san wa na yi wa ba.

Damina biyu ke nan tana kwance. Da aka yi ruwan farko na bana, auta ta bugo da safe. Ta ce ta leƙa gidan, duwatsun sun tara ruwa tsuntsaye suna sha. Ta ce, "Tudun nan naka ya riƙe, Yaya, ko tsohuwa ce za ta bi lafiya lau." Sai ta ji abin da ta faɗa, ta katse wayar.

Na shiga gaishe da Iya. Hannunta yana cikin kwarmin dutsen, inda yake kwana yanzu.

"An yi ruwa a gida?"

"An yi, Iya."

"To a gaya wa auta ta buɗe wa lemun nan hanya. Ba ya son ruwa a gindinsa."

Na ce, "To, Iya, za a gaya mata."